Yadda Aka Ƙirga Da Ni A Zaɓen Jami'a

Tun da muka koma lakwal, wato makarantarmu, bayan hutu Hajara da Zuwaira suka sa ni a gaba da tambaya: yaya Faraku take, yaya jami'a take, wai da gaske ne ɗalibai ba sa saka kaki, wai da gaske ne ba a dukan kowa. Kun dai san halina, in mutum uku suka zuba mini ido sai maganar ta maƙale. Shi ya sa na ce bari in rubuta a ƙarshen kayen nan, littafin rubutuna, kowa ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita, amma don Allah kada ya kai hannun Mushe, malaminmu. Akwai abin da na aikata a can wanda har yau in na tuna sai zufa ta karyo mini, kuma gara ku ji shi daga wurina.

Ga waɗanda ba su san gidanmu ba, Yaya Salamatu ce babbarmu, tana karatun shari'a a jami'a a Faraku. Inna ce ta aike ni wurinta da kilishi da yaji da man shanu a kwalba, ta ce in yi kwana uku in dawo. Ban taɓa fita daga garinmu Zugu ni kaɗai ba. Baba ya tafi kasuwar shanu tun asuba, don haka Inna ce ta raka ni tasha, tana tafe tana maimaita abu ɗaya: in na isa kada in rabu da jikin yayata, duk inda ta sa ƙafa in sa tawa. Ta faɗa wa direba, ta faɗa wa tsohuwar da za ta zauna kusa da ni, har na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Motar ta mutum biyar ce, muka shiga mu shida ban da direba, ga doya a but, ga babur ɗaure a kan rufi. Tsohuwar Bafulatana ce, ta ɗora ƙwaryar wagashi, cukun nan nasu, rabi a cinyarta rabi a tawa. Ruwansa yana ɗiga a kan zanena sannu a hankali, ina kallo. Sai da muka wuce Partago ta lura da kanta, ta yi ta ba ni haƙuri da Fulatanci, ta ɓantaro mini wani yanki ta ce in ci. Na ci, duk da ban saba cin shi ɗanye ba, don ban san yadda ake ce wa tsohuwa a'a ba.

Zuwaira ta tambaye ni ko mun tsallaka iyaka. Babu wata iyaka, allo ne kawai a bakin hanya da ke nuna an bar Donga an shiga Borgu, sai shingen 'yan sanda inda aka ce kowa ya fito da takardarsa. Na miƙa katina na lakwal da hannu biyu. Mutumin ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce ko dai na ari katin ƙanwata ne, don ta cikin hoton ba ta kai ni tsawo ba. Wasa yake yi, amma ni har idona ya kawo ruwa. Bayan mun haye gadar Beteru taya ta fashe. Muka zauna a ƙarƙashin bishiyar kashu kusan awa guda, ƙudaje suna bin 'ya'yan da suka ruɓe a ƙasa. Wani dattijo da ke cikinmu, da ya ji yayata na jami'a, ya ce 'yan jami'a ba su san komai ba sai yajin karatu da ihu. Na ce a raina bai san Yaya Salamatu ba, wadda ko baƙin Baba ba ta iya ɗaga ido ta kalla.

A tashar Faraku masu zem suka yanyame ni, kowa yana jan jakata zuwa babur ɗinsa. Ina riƙe da kwalbar man shanu a ƙirji sai na ji wata murya ta daka musu tsawa da Faransanci, suka watse. Na juya in ga wace ce wannan mata, ashe yayata ce.

Ɗakinta a Titiru yake, cikin wani gida mai ɗakuna a jere da rijiya a tsakiya. Su biyu ne a ciki, ita da wata mai suna Klaris, 'yar kudu ce kuma Kirista. Dardumar sallar Yaya tana rataye a ƙusa ɗaya, a ɗaya ƙusar kuma ƙaramin gicciye na katako. Tukunyarsu ɗaya, bokitinsu ɗaya. Klaris ba ta jin Hausa sai gaisuwa, "ma petite" take kirana, wato 'yar ƙaramata, kuma tun daga ƙofa ta kwance ƙullin kilishin ba tare da an ce mata bismilla ba. Na dubi Yaya, ta yi dariya ta ce a nan haka ake. Ranar sun kai ni cin sakwara da miyar gyaɗa a wurin wata mata a bakin titi. Ta fi tamu laushi, gaskiya ce, amma barkonon da Klaris ta ƙara a nata ya isa gidanmu na sati.

A ƙasan gado na ga tarin takardu. Na zaro ɗaya, sai ga fuskar Yaya baƙi da fari, da sunanta da manyan baƙaƙe. Na ɗauka wani abu ya faru, don ni ban taɓa ganin hoton mutum a irin wannan takarda ba sai na wanda ya ɓata ko ya rasu. Klaris ce ta zaunar da ni ta yi mini bayani, a hankali don in gane Faransancinta. Ta ce zaɓe za a yi jibi, kuma yayata tana takarar respo.

Ga yadda na fahimci abin. A jami'a aji ɗaya ya fi duk lakwal ɗinmu yawa, ana zama a wani ƙaton zaure mai matakala da suke kira amfi. Malami ba ya sanin sunan kowa, ya shigo ya yi magana ya fita. To ɗalibai sai su zaɓi mutum ɗaya daga cikinsu, shi ne respo. Shi malami ke kira a waya in ya sauya lokacin darasi, shi ake ba takardun karatu ya kai a buga, shi ke riƙe da makirufo. Ba irin shugaban ajinmu ba ne da Mushe ke nunawa da yatsa don ya rubuta sunan masu surutu. Su respo na kowane aji kuma suna haɗuwa su zaɓi na sama da su, haka har a kai ga shugaban ɗalibai gaba ɗaya, wanda ke zama tebur ɗaya da manyan jami'a a yi gardama kan motar ɗalibai da abinci da ɗakunan kwana. Klaris ta ce in ya ce gobe ba karatu, to ba karatu. Na tambaye ta shekarunsa nawa, ta ce bai fi Yaya ba.

Abin da ya sa Yaya ta shiga wannan rigima kuwa, mu a gida mun san ta maimaita shekarar farko, amma ba mu san dalili ba. Ashe an matso da wata jarrabawa daga yamma zuwa safe, respo na lokacin ya sanar da abokansa da ke kwana cikin jami'a, na cikin gari ba su ji ba sai da aka gama. Su da yawa ne suka faɗi, yawancinsu mata masu zama a unguwanni. Yaya ta ce muddin tana wurin ba za a sake yi wa wata haka ba. Ta yi wata biyu tana bin mutane ɗaya bayan ɗaya. Ta roƙe ni kada in faɗa wa Baba sai an gama.

Washegari muka tafi jami'a. Tun daga ƙofa hoton Yaya ne a jikin itatuwan mangwaro, a gefensa na abokin takararta, wani mai suna Sabi ɗan unguwar Kpebie. A wani hoton an zana wa Yaya gashin baki da biro. Na tsaya ina kankarewa da farce, ta jawo ni ta ce in bari, ai alama ce sun fara jin tsoronta.

Amfin ya cika har tagogi. Wasu sun zauna a kan matakala, wasu sun zo da kujera daga gida. Babu malami ko ɗaya. Wanda ke tafiyar da taron wani ɗalibi ne mai gemu da furfura biyu-uku a ciki, Dwayan suke ce masa don ya fi kowa daɗewa a jami'ar, shi ne shugaban kwamitin zaɓe. Kowa yana kiran kowa kamarad, yaro ya ce wa wanda ya girme shi kamarad, ba yaya ba malam. Ana cikin haka shugaban ɗalibai ya leƙo, mutum biyu a gabansa suna buɗe hanya, ɗaya a baya riƙe da jakarsa. Aka tashi ana tafi, wasu kuma suna yi masa ihu suna tambayar ina motar da ya yi alkawari. Ya ɗaga hannu kamar gwamna. Da ya wuce ta gabana na ga takalminsa ya ɓare a baya an ɗinke da zare.

Sabi ne ya fara magana, cikin kwat, gumi ya jiƙa masa wuya. Ya iya Faransanci ƙwarai, ya ambaci dokoki da yawa, aka tafa masa. Da aka kira Yaya makirufon ya mutu. Na ce shi ke nan, za ta dawo ta zauna. Sai na ga ta tattare zanenta ta hau kan teburin malami da takalminta. Na rufe fuskata da hijabi. Ta ce duk wanda ya taɓa tashi tun asuba ya zo ya tarar an soke darasi ba a gaya masa ba, ya ɗaga hannu. Hannaye suka tashi ko'ina. Wani daga baya ya yi ihu cewa mace ba ta iya bin malamai, ta koma ta daka sakwara. Ta ce masa ta iya daka sakwara kuma ta iya karanta agogo, shi wanne ya iya a ciki. Amfin ya ɗauki dariya ana buga tebura. Ni dai ban yi dariya ba, ina ta tunanin da Inna za ta gani da me za ta ce.

Da rana suka kai ni resto, wurin cin abincin ɗalibai. Layi ake bi da faranti na ƙarfe mai rami-rami, a zuba maka shinkafa a rami ɗaya, miya a ɗaya. Da abincin ya yi jinkiri suka fara buga cokula a tebur gaba ɗaya, manya da gemunsu. Wata yarinya mai jan gilashi ta zauna kusa da mu, ta tambayi Yaya ko ni sabuwar ɗaliba ce. Yaya ta ce a'a, ƙanwarta ce daga Zugu, tana aji uku a koleji. Yarinyar ta ce kai, ta yi tsawo.

Ranar zaɓe aka fita filin ƙwallo tun da safe. Klaris ta ce zaɓen manya ne ake yi da akwati da takarda, na respo a ajinsu layi ake yi: ɗan takara ya tsaya a gaba, masu son sa su jeru a bayansa, a ƙirga. Kuma doka ce ɗan takara ya juya baya, kada ya waiwaya, don kada wani ya ji nauyin idonsa ya shiga layin da ba ya so. Dwayan ya ce in za a duba katin kowa sai an kai azahar, kuma ai an san juna, duka ɓangarorin suka yarda. Aka tura Klaris can layin Sabi ta sa ido a madadin Yaya.

Dwayan ya yi sanarwa da lasifika cewa wanda ba ɗan ajin ba ya koma ƙarƙashin itatuwa. Ba zan yi ƙarya ba, na ji. Na dubi ƙarƙashin itatuwan, maza ne zalla, wasu kan babura, ban san ko ɗaya ba. Na tuna maganar Inna. Na ce bari in tsaya kusa da Yaya kaɗan, in an fara sai in matsa gefe. Kafin in ankara mutane suka taho a guje, aka ture ni baya, na tsinci kaina tsakanin wasu mata biyu, ta baya ta dafa kafaɗata. Layin ya miƙe har ragar gola. In zan fita sai na ratsa fili ni kaɗai kowa yana kallona, don haka na tsaya inda nake.

Yadda suke ƙirga, mutum biyu ne ke bin layi, ɗaya ya taɓa kafaɗarka da rula ya faɗi lamba da ƙarfi, kai kuma ka tsuguna. Ina jin lambar tana matsowa. Na ce in ya zo zan gaya masa. Ya zo, ya taɓa ni, bai ko dubi fuskata ba, ta gabana ta riga ta tsuguna, ni ma na tsuguna.

Aka gama, aka haɗa kai, Dwayan ya ɗaga lasifika ya ce Salamatu ta ci da mutum ɗaya. Mata suka yi guɗa, aka rungume Yaya, Klaris ta taho da gudu takalminta ɗaya a hannu. Ban taɓa ganin fuskar yayata haka ba, tana dariya tana hawaye. Ni kuma na san wane ne mutum ɗayan. Ina nan tsugune ban ma tashi ba, sai na ga jan gilashi a kaina. Yarinyar resto ce, ashe 'yar ɓangaren Sabi ce. Ta kama hannuna ta ɗaga sama, ta ce kowa ya zo ya ga 'yar koleji a layi.

Abin da ya biyo baya ban iya tsara shi daidai ba. An yi ta ihu, an kira Yaya ɓarauniya, wani ya ce ta kwaso ƙauyensu gaba ɗaya. Ta juyo ta gan ni, murmushin ya tafi. Aka koma amfi. 'Yan kwamiti su biyar suka zauna a teburin malami kamar alƙalai, ɗalibai ne fa, ɗayansu ma yana taunar cingam. Mutanen Sabi suka nemi a soke takarar Yaya saboda maguɗi, a kuma rubuta sunanta a kai wa hukumar jami'a. Klaris ta raɗa mini cewa in aka kai can abin zai iya taɓa karatunta.

Aka ce in fito gaba. Ban san yadda na sauka matakalar ba. Aka ce in nuna kati, na nuna na lakwal ɗinmu, aka ɗaga shi sama kowa ya gani. Dwayan ya yi mini tambaya da Faransanci, na kasa amsawa. Wani ya gwada da Dandanci, nan ma shiru. Sai Dwayan ya ajiye lasifikar, ya sunkuyo, ya yi mini Hausa, ashe a zango ya tashi.

"Ƙanwata, kada ki ji tsoro. Wa ya ce ki shiga layin nan? Yayarki ce?"

Na girgiza kai.

"To wa?"

"Inna ce ta ce kada in rabu da jikinta."

Ya miƙe ya fassara wa jama'a. Amfin ya fashe da dariya, har Sabi sai da ya juya kai yana murmushi. Wasu suka fara tafi suna kiran Inna, Inna. Na so in mutu a wurin. Amma dariyar ce ta kashe maganar maguɗi. Kwamiti suka yi shawara suka ce ɗan takara ba ya ganin bayansa, don haka ba laifin Yaya, sai dai za a cire ni daga ƙirga. Da aka cire ni suka yi kunnen doki.

Matan da ke bayan Yaya suka ce a sake zaɓe da kati. Mutanen Sabi suka ce wanda aka kama da baƙo a layinsa ba shi da bakin neman komai, kuma rabin mutane sun riga sun watse. Na ga Klaris tana zungurin Yaya ta tashi ta yi magana. Wadda ta hau tebur jiya, yau ta sunkuyar da kai, kuma na san saboda ni ne. Dwayan ya zaro wani ƙaramin littafi da ya sha hannu, dokokin ƙungiyarsu, ya lashi yatsa ya buɗe. Ya karanta cewa in an yi kunnen doki, wanda ya fi shekaru shi ya ci.

Na ce a raina mun ci. Ashe bayan duk wannan kamarad ɗin, a ƙarshe sai an koma ga babba kamar a gida. Kuma ko makaho ya san Yaya ta girmi Sabi, yaro ne, gemunsa bai ma haɗu ba. Aka karɓi katunansu biyu aka ajiye a tebur. Dwayan ya duba, ya sake dubawa, ya ce Sabi ya girmi Salamatu da wata bakwai.

Nan na tuna abin da kowa ya sani a gidanmu. Yaya ba ta shiga lakwal da wuri ba, sai da ta yi nisa a makarantar allo. Da Baba ya yanke shawarar sa ta aka ce ta yi girma, kuma ba ta da takardar haihuwa don a gida aka haife ta. Da ya je yi mata takardar sai ya rage mata shekara biyu. Ba ita kaɗai ba ce, ku ma kun san irinsu a ajinmu. Ni da ban iya magana ba, a ranar bakina ya buɗe da kansa.

"Amma ai Yaya ta..."

Ta damƙe mini wuyan hannu har sai da farcenta ya shiga. Ba ta dube ni ba. Ta tashi ta je gaban Sabi, ta ɗora hannu a ƙirji ta taya shi murna, ta roƙe shi abu ɗaya a gaban kowa: in an sauya lokacin darasi ya sanar da na cikin gari kafin na cikin jami'a. Ya ce zai yi. Ya zaɓi abokinsa mataimaki, aka ɗauke shi a kafaɗa aka fita da shi.

A ƙafa muka koma Titiru, da nisansa, ba wadda ta ce a hau zem. Ina jira ta zage ni ko ta mare ni, ba ta yi ba. Sai da muka kusa gida ta ce, ba tare da ta juyo ba, ranar haihuwar da ke kan katin nan ita ce a kan duk takardun da ta samu tun daga firamare, in aka ce ƙarya ce to duk sun zama abin tuhuma, kada in ƙara buɗe baki a kan wannan a waje. Klaris ta yi ƙoƙarin lallashina, ta ce ko ban shiga layin ba kunnen doki za a yi, littafin nan dai za a buɗe. Na ce mata da ban shiga ba da Yaya ta sami bakin neman a sake. Ba ta musa ba. Ta soya taliya da ƙwai ta tura cikin burodi ta ba ni, abin da ban taɓa ganin an haɗa ba, na ci rabi.

Da safe muka koma jami'a da wuƙa da bokiti, don dokarsu ta ce kowane ɗan takara ya cire hotunansa da kansa. Ina jiƙawa tana kankarewa. Masu wucewa suna nuna ni suna cewa ga 'yar Inna. Wasu mata suka tsaya suka taya mu, ɗaya ta ce baɗi ma suna bayanta. Yaya ta ce Allah ya kai mu. A tasha ta sa ni a mota, ta gyara mini hijabi, ta ce in gaishe da mutanen gida, kuma in faɗa wa Baba komai, ita ba za ta iya ba.

Hanyar dawowa ba abin da ya faru, ko kuma ni ce ban lura ba. Inna na fara gaya wa. Ta riƙe haɓa ta ce ita fa cewa ta yi kada in ɓata, ba ta ce in yi zaɓe ba. Da ta ji maganar hawa tebur sai da ta sa na maimaita.

Baba kuwa bayan la'asar na same shi a zaure yana wanke ƙafa, ya dawo daga kasuwa. Na durƙusa na faɗa masa daga farko har ƙarshe ina kallon tabarma. Na ɗauka zai yi faɗa a kan takarar. Bai yi ba. Ya tambaye ni mutum nawa suka tsaya a bayanta, na ce har ragar gola. Ya tambayi yaron, na kwatanta masa. Ya ce jami'a guda a rasa wanda ya iya duba haƙori kamar yadda ake gane shekarun saniya, shi da an ba shi su biyun da ya faɗi babba ba tare da wata takarda ba. Ya yi dariya kaɗan. Daga nan ya ce in kawo masa wayarsa in nemo lambarta, don shi ba ya ganin ƙananan rubutu. Na sa ta yadda za a ji a fili.

Bayan sun gaisa ya ce, "Salamatu, shekara biyun nan ni na cire miki su da hannuna. Ban san za a wayi gari a neme su ba."

Ina jin ƙarar babura a bayanta, ta ce:

"Baba, da ba ka cire su ba, da ko ƙofar amfin ban gani ba."

Ya share fuskarsa da hannu, ya tambaye ta yaushe za a sake wani zaɓen. Ta ce sai baɗi. Ya ce to ta sake tsayawa takara, kuma a satin zaɓen ni Nafisa ina gida, shi da kansa zai tsare ni.